Littafin da Ya Ƙi Rubutuwa: Abin da Ya Sami John Scalzi a 2020

A farkon shekarar 2021, wani marubuci Ba'amurke da ke zaune a ɗan ƙauye a jihar Ohio ya aika wa editansa saƙon da duk wanda ya taɓa karɓar kuɗin kafin alƙalami yake tsoron aikawa. Littafin da aka shafe kusan shekara ana jira, wanda har an sa masa lokacin fitowa, ba zai zo ba. Ya mutu a hannunsa. Sunan marubucin John Scalzi, kuma a lokacin yana tsakiyar yarjejeniyar dala miliyan 3.4 da kamfanin ɗab'i na Tor da ke New York.

Scalzi marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ne, irin labaran da ake ginawa a kan "da a ce": da a ce mutum zai zauna a wata duniyar, da a ce tsoho zai samu sabon jiki, da a ce inji zai yi tunani. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya san ƙamshin abin. Marubuta da dama sun watsar da littafi a tsakiyar hanya, amma ba kasafai ake samun wanda ya bar sawu a fili kamar Scalzi ba. Tun ranar 13 ga Satumba 1998 yake rubuta abin da ke faruwa da shi a shafinsa na intanet mai suna Whatever, kusan kullum. Yau hoton faɗuwar rana daga ƙofar gida, gobe kyanwa a kan kujera, jibi bayanin haraji ko siyasa, gata kuma sanarwar cewa an gama littafi. In ya yi tafiya, sai ya ɗauki hoton abin da ake hangowa daga tagar otal, ko da filin ajiye motoci ne. Mai son bin diddigin yadda aikin marubuci yake tafiya yana da fiye da shekara ashirin na irin wannan bayani a gabansa.

Mutumin da inda yake zaune

An haife shi a Kalifoniya a 1969, ya tashi cikin talauci, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. A 2005, bayan guguwar Katrina ta afka wa New Orleans, mutane suna ta tambayar me ya hana talakawan birnin gudu, ya rubuta wata maƙala mai suna Being Poor inda ya jero ƙananan abubuwan da talauci ke sa mutum ya sani. Har yau tana cikin rubuce-rubucensa da aka fi karantawa. Ya yi karatun falsafa a Jami'ar Chicago, ya gama a 1991, ya yi aikin sharhin fina-finai a jaridar Fresno Bee, daga nan ya koma kamfanin intanet na AOL. A 1998 aka sallame shi. Tun daga ranar alƙalaminsa ne gonarsa.

A 2001 ya kwashe iyalinsa zuwa Bradford, garin da mutanensa ba su kai dubu biyu ba, domin matarsa ta kusanci danginta. Gonakin masara da waken suya ne suka kewaye wurin, kuma mafi yawan maƙwabtansa jam'iyyar da yake suka a rubuce suke zaɓa. Zaman nan yana da alaƙa da lissafin aljihu. A wata doguwar shawara da ya rubuta wa marubuta a 2008, ya ce musu kada su yi gaggawar barin aikin da ke ba su albashi, kada su dage sai sun zauna a New York ko Los Angeles inda haya ke cinye komai, kuma in za su yi aure su nemi mai hankalin riƙe kuɗi. Wasu sun ji zafin maganar. Ni dai ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Hanyar da ya shiga harkar littafi ma daga wannan shafi ta fito. A Disamba 2002 ya riƙa sakin wani labari babi ɗaya kowace rana, labarin tsofaffi 'yan shekara 75 da ake ɗauka soja a sararin samaniya a ba su sabon jiki. Wani editan Tor mai suna Patrick Nielsen Hayden ya karanta, ya nemi saya. Kuɗin kafin alƙalamin da aka ba shi dala 6,500 ne. Littafin, Old Man's War, ya fito a Janairu 2005. Mai bin littattafan Hausa da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san wannan hanya sarai, ya kuma san yadda masu karatu ke damun marubuciya da "yaushe za a ci gaba?" in ta yi kwana biyu shiru. Bambancin shi ne Scalzi ya samu kamfani ya tsaya tsakaninsa da masu karatu. Kuma wannan edita da ya tsince shi a 2002, shi ne dai wanda zai karɓi mugun saƙon nan bayan shekara 18.

Abin da ke cikin yarjejeniyar

A Mayu 2015 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa Tor ta ƙulla da shi: littattafai 13 cikin shekara goma, goma na manya, uku na matasa, a kan dala miliyan 3.4. Kafin nan ya ci kyautar Hugo ta gwarzon littafi, babbar lambar yabo ta ƙagaggun labaran kimiyya, a 2013 da littafinsa Redshirts, ya kuma shugabanci ƙungiyar marubutan wannan fanni ta Amurka daga 2010 zuwa 2013.

Adadin yana da daɗin ji, amma ba a buhu ake kawo shi ba. A al'adar kamfanonin ɗab'i na can, kuɗin kowane littafi kashi-kashi ake biya: wani a ranar sa hannu, wani in an miƙa rubutun an karɓa, wani in littafin ya shiga kasuwa. Dillalin marubuci yana cire la'adarsa, yawanci kashi 15 cikin ɗari, gwamnati ta cire nata. In ka raba miliyan 3.4 gida 13, kowane littafi ya tashi kimanin dala dubu 260. Littafin da ba a miƙa ba kuwa, kasonsa na miƙawa da na fitowa suna nan a aljihun kamfani.

Kuɗin ma ba shi ne babban nauyin ba. Kamfani yana tsayar da ranar fitowar littafi tun da sauran watanni masu yawa. Akwai mai zana bango, mai gyaran rubutu, mai tsara shafuka, masu tallata shi ga shagunan littattafai, akwai gurbin da aka kama a injin bugu, akwai mai karanta shi da murya don masu saurare, wanda ga Scalzi sau da yawa ɗan wasan nan Wil Wheaton ne. Duk waɗannan jiran mutum ɗaya suke, yana zaune a ɗakinsa a Bradford. In ya makara da wata ɗaya, su ne za su yi aikin wata uku cikin biyu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Scalzi ya san haka. In ka duba shafukan godiya na littattafansa za ka iske yana ambaton waɗannan ma'aikata, wani lokaci har da ba su haƙuri.

Tsarin yini, da inda ya fara tsagewa

Tsarin da ya sha bayyanawa ba shi da wani sirri. In yana kan littafi, da safe yake rubutu, har ya kai kalma dubu biyu ko rana ta take, duk wanda ya riga zuwa. A wannan lokaci ba ya buɗe labarai, ba ya leƙa dandalin sada zumunta. Bayan nan yini nasa ne: amsa wasiƙu, harkar kasuwanci, rubutun shafi, hira da jama'a. A lissafi, kalma dubu biyu a rana tana ba da littafi mai kalma dubu 90 cikin kwanakin aiki 45. Wato wata biyu zuwa uku sun ishi littafi, in kai yana nan daidai.

To, kan ne ya fara ba da matsala, kuma tun kafin korona. Ya faɗa da kansa cewa zaɓen Amurka na 2016 ya ɗauke masa hankali lokacin da yake rubuta The Collapsing Empire. A 2017 ya sake bayyana cewa yawan kalmomin da yake samu a rana ya faɗi ƙasa sosai saboda hayaniyar siyasa. A 2018 abin ya kai ga ya rubuta The Consuming Fire cikin kimanin mako biyu, saboda wa'adi ya zo wuya. Masoyansa sun yi ta mamakin wannan bajinta, amma a ganina alama ce ta cewa tsarin ya daina riƙe shi, tsoron wa'adi ne kawai yake tura shi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya fafe, ya kuma yi sa'a goran bai fashe ba. Irin wannan sa'a takan sa mutum ya ɗauka gobe ma haka za ta kasance.

Shekarar da kanta

A Afrilu 2020 The Last Emperox ya fito, na ƙarshe a jerin littattafai uku. Rangadin da aka shirya masa na zagaya shagunan littattafai ya rushe saboda kullen korona, aka mayar da shi ta bidiyo. A sannan ya kamata ya duƙufa kan littafi na gaba, wanda aka tsara zai fito a 2021.

Cikakken labarin abin da ya biyo baya, shi da kansa ya rubuta shi a jawabin da ya rufe littafinsa na 2022 da shi. Littafin da ya ɗauko, in ji shi, mai nauyi ne, mai duhu, mai sarƙaƙiya, irin wanda ke buƙatar marubuci ya tattara hankalinsa gaba ɗaya wuri guda. Shekarar kuwa ba ta bar wa kowa hankali ba. Annoba tana kashe mutane dubbai, zanga-zanga ta cika biranen Amurka bayan kisan George Floyd a Mayu, ga zaɓen Nuwamba da rigimar da ta biyo shi. Yana rubutawa, amma babi-babin ba sa haɗuwa su zama labari.

Wajen ƙarshen shekara sai ya kwanta ciwo. Gwaji bai nuna korona ba, amma shi ya tsaya a kan cewa ita ce. Abin da ya fi damunsa ya zo bayan jiki ya fara warwarewa: tunani ya ƙi taruwa. Ga ma'aikacin da aikinsa shi ne riƙe mutum goma sha da zaren labari biyar a ka lokaci guda, wannan daidai yake da maƙeri ya wayi gari hannunsa na rawa. Da kan ya fara washewa ya koma teburi, sai ga 6 ga Janairu 2021, ranar da magoya bayan Donald Trump suka kutsa majalisar dokoki a Washington. Bayan wannan ya sake yunƙurawa, ya samu rubutu ya ɗan fara gudu, sai kwamfuta ta haɗiye masa dubban kalmomi.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk labarin, domin shi ne mafi ƙanƙanta. Mutumin da ya taɓa rubuta littafi cikin mako biyu, asarar 'yan dubban kalmomi aikin kwana ɗaya ko biyu ce a wurinsa. Amma a nan ne ya tsaya ya gane cewa matsalar ba ta kwamfuta ba ce, ba kuma ta ciwo ba: ba ya son littafin, kuma ba zai iya gama shi ba. Annoba da ciwo da siyasa duk sun ba shi uzurin da zai ce "bari abin ya lafa tukuna". Sai da ya ga zai sake rubuta abin da ya riga ya rubuta, sannan ya ji nauyin abin a zuciyarsa.

Hanyoyin da ke gabansa

Yana iya neman ƙarin lokaci, wanda shi ne abin da yawancin marubuta ke yi. Wasu a wannan fanni sun shafe fiye da shekara goma masu karatu na jiran littafi ɗaya. Yana kuma iya yin irin ta 2018, ya rufe ƙofa ya tilasta wa kansa, ya miƙa duk abin da ya fito. Ta farko za ta bar kamfani a rataye, ba su san ko su cike gurbin da wani littafi ko su jira ba. Ta biyu za ta sa sunansa a bangon littafin da shi kansa bai yarda da shi ba, alhali akwai sauran littattafai masu yawa a yarjejeniyar da cinikinsu ya dogara da amincin wannan suna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya rubuta wa Nielsen Hayden ya faɗa masa gaskiya, editan ya karɓa da fahimta, aka cire littafin daga jadawali. Shekarar 2021 ta wuce ba tare da sabon dogon labari daga Scalzi ba.

Da ya sauke wannan kaya, in ji shi, ba a jima ba wani labari dabam ya faɗo masa a ka, da farkonsa da ƙarshensa. Ya rubuta shi tsakanin Fabrairu da Maris 2021. Shi ne The Kaiju Preservation Society, wanda Tor ta fitar a Maris 2022.

"Kaiju" kalmar Japan ce da ake kiran manyan dodannin fim da ita, irin su Godzilla. Jamie Gray, mai ba da labarin, an kore shi ne ko an kore ta (Scalzi da gangan bai taɓa faɗin ko namiji ne ko mace ba) daga wani kamfanin kai abinci a New York daidai lokacin da korona ta shigo. Jamie ya koma yawon kai abinci gida-gida, har wani tsohon sani ya samo masa aiki a wata ƙungiyar kula da "manyan dabbobi". Ashe dabbobin suna wata duniya ce mai kama da tamu, ana shiga ta Greenland, kuma kowannensu girman tsauni ne, da tukunyar nukiliya a cikinsa. Aikin Jamie a can ɗaukar kaya. Scalzi ya kwatanta littafin da waƙar nishaɗi mai sauƙin bi, wadda za a ji a yi murmushi a wuce. Amma a lura: sallama daga aiki, annoba, attajirin da bai damu da kowa ba, duk suna ciki. Shekarar da ta hana shi rubuta littafi mai duhu ta shiga mai hasken ta ƙofar baya, kuma wanda aka sallama daga AOL a 1998 bai buƙaci bincike ba kafin ya rubuta babin farko.

Littafin ya shiga jerin waɗanda suka fi ciniki na New York Times, ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Hugo a 2023, ya kuma ci kyautar Locus, wata lambar yabon ta wannan fanni, a shekarar.

Abin da ba zai kwafu ba

Yana da sauƙi a karanta wannan a ce darasin shi ne marubuci ya bi zuciyarsa. Ban yarda ba. Scalzi ya iya watsar da aikin shekara guda ne saboda abubuwan da ya tara kafin ranar. Littattafansa na baya suna ci gaba da kawo kuɗi ko bai rubuta komai ba. Yana zaune a garin da rayuwa ba ta da tsada. Editansa ya san shi tun 2002, ya ga ya miƙa littafi bayan littafi. Sabon marubuci da ya aika irin wannan saƙo a kan littafinsa na biyu, mai yiwuwa a soke yarjejeniyar a kuma nemi ya mayar da kuɗin da ya karɓa. Marubuciyar da masu karatu suka riga suka tura wa kuɗi ta banki don shiga rukunin littafinta ba ta da edita da zai tare mata. Ita da su ne, ido da ido.

Sai kuma batun rubutun kullum. Mutum zai iya cewa hoton kyanwa da faɗuwar rana ɓata lokaci ne ga wanda ake bi littattafai 13. Ni ina ganin wani sashe ne na aikin. Masu karatunsa sun saba jin lokacin da ya gama littafi da lokacin da ya makara, sun ji ya faɗi abin da yake samu da abin da ya kasa. Ranar da ya zo da labarin cewa littafi ya mutu, ba baƙon murya suka ji ba. Sai dai kada a ɗauka an ga komai. Shi yake zaɓar abin da zai nuna da lokacin da zai nuna shi, kuma cikakken bayanin faɗuwar ya zo ne a manne da littafin da ya maye gurbin wancan, lokacin da labarin ya riga ya samu ƙarshe mai daɗi. Da Kaiju bai zo ba, ina shakkar za a ba da labarin da irin wannan raha.

Bayan nan ya ci gaba a kan hanya mai sauƙin nauyi. Starter Villain na 2023 labarin wani ne da ya gaji harkar mugunta daga kawunsa, har da kyanwoyi masu leƙen asiri. A When the Moon Hits Your Eye na 2025, watan da ke sama ne ya rikiɗe ya zama cuku. A Satumbar 2025 ya koma duniyar tsofaffin sojojinsa da The Shattering Peace, bayan shekara goma rabonsa da ita. A tsakani ya sayi wani tsohon ginin coci a Bradford don ofishin kamfaninsa.

In aka ƙirga dogayen labaran da Tor ta fitar masa daga 2017 zuwa ƙarshen 2025, takwas ne. Yarjejeniyar 13 ta ce, cikin shekara goma, kuma na matasan nan uku ko ɗaya bai fito ba. A 2024, tun bai gama biyan wancan bashi ba, kamfanin ya sake ƙulla wata da shi ta ƙarin littattafai goma.